Rabin Bokiti

Ƙarfe biyun dare a Ali Ɗan Sofo,
gari ya kwanta, rezo ya sami sarari.
Sai lokacin nake buɗe shago,
ni da sauro da shayi mai ɗaci,
in zauna gadin wani siririn layi
da ke rarrafe a fuskar kwamfuta
kamar hawainiya a kan reshe.

Littafi nake ɗebowa.
Jagoran manhajar da ke riƙe da ran na'ura,
shafi dubu da ɗoriya,
inda aka rubuta abin da za ka ce mata
ran da ta yi gardama, ta ƙi tashi,
ta bar ka da baƙin allo
da ɗan ɗigo yana ƙifta maka ido.

Masu shi sun ajiye shi bayan teku,
sun ce kyauta ne, kowa ya leƙa.
Na gode musu.
Sai dai rijiya kyauta, guga na haya,
igiyarmu kuma gajera ce.

Daren farko, talatin cikin ɗari,
kuran ya ɗauke.
Dare na biyu, tamanin da uku.
Har na yi miƙa, na sa takalmi ɗaya,
abin ya tsinke.
Jikka biyu ta bi ruwa.
Na koma gida ban amsa gaisuwar kowa ba.

Illo mai gadin kantin siminti
shi ya ga fuskata a dare na uku.
Bai san kwamfuta ba, ya san famfo.
Ya ce, "In ruwa ya ɗauke a unguwarmu,
tsohuwata ba ta zubar da rabin bokiti.
Barinsa take a gindin famfo,
in ya dawo, ya ɗora daga inda ya tsaya."

Na yi shiru.
Ashe akwai umarnin haka,
harafi ɗaya kacal na rasa.

Da assalatun dare na biyar layin ya cika.
Ban yi guɗa ba, na dai hura shayin da ya huce.
Na raba littafin gida uku:
ɗaya a na'urar shago,
ɗaya a kile, na rataya a wuya kamar laya,
ɗaya na kai wa Tsahara a likitar Jiratawa,
mai riƙe da sunayen yaran rigakafi.

Damina ta zo da iska,
ta karya wuyan eriya.
Kwana uku waya ta zama dutse a aljihu.
Ranar ce na'urar Tsahara ta zaɓi suma,
mata sun yi layi da goyo a baranda.
Ba ni, ba rezo, ba wanda za a kira.
Ta ari wata tsohuwar kwamfuta a ofishin magani,
ta soka kile, ta bi shafi da yatsa,
ta rubuta kalma bakwai.
Na'ura ta yi tari, ta tashi.

Ban ji labarin ba sai da yamma,
da ɗan kabu-kabu ya sauke mini
ƙullin zogale da ƴar takarda:
"Guntun gatarinka ya sare."

Amma kada in cika baki.
Bara yarona Mutari ya kwafi umarni daga ciki,
na'ura ta ce ba ta san shi ba.
Masu littafi sun sake magana a can,
mu muna nan da tsohon zance.
Hatsi ma in ya daɗe a rumbu, ƙwari na shiga.

Don haka duk daren Juma'a ina nan.
Ba na sake ɗebo rijiyar duka,
shafin da ya canza kawai nake jira.
Illo yana gyangyaɗi a kan benci,
layin yana rarrafe,
goma sha ɗaya,
goma sha ɗaya,
goma sha biyu.